Kyanwa Ba Ta Shan Zaƙi, Amma Tana Ciwon Suga

Da zarar an ce likitan dabbobi ya gano ciwon suga a jikin kyanwa, sai ka ji wani ya kwashe da dariya yana tambaya ko shayi take sha da safe. Wani kuma, mai ɗan tausayi, ya ba da shawara: a hana ta kayan zaƙi, a rage mata abinci, za ta warware da kanta. Tushen maganganun biyu ɗaya ne, wato cewa shan zaƙi ne ke kawo cutar, barinsa kuma shi ne magani. Masu wannan ra'ayi suna da uzuri. Sun tashi suna ganin magen gida tana kwana a rumbu tana farautar ɓera, ta tsufa ta mutu ba a taɓa jin ta da wannan lalura ba. Abin da suka gani gaskiya ne. Amma ina roƙon su ba ni dama in nuna inda nake ganin lissafin ya kuskure.

Da farko dai, kyanwa ba ta ma san ɗanɗanon zaƙi ba. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a jikin kyanwa. Ka ajiye mata ƙwayar suga a gaba, shinshinawa za ta yi ta wuce. Duk da haka wani babban nazari da aka yi a asibitocin dabbobi na Ingila ya samu cutar a jikin kusan kyanwa ɗaya cikin 200. Kuma dabba ta yi ciwon suga ba sabon abu ba ne. A jikin kare aka fara gane tushensa a 1889, lokacin da Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, tsokar nan da ke kusa da tumbi, ya kamu da cutar. Da karnuka kuma Banting da Best suka yi gwajin insulin a Toronto a 1921.

To me ke kawo ta? Galibi ƙiba ce da rashin motsi. Allah Ya halicci kyanwa maciyar nama. Ɓeran da take kamawa furotin ne da kitse, sitacin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Magen birni kuwa an rufe ta a ɗaki, ba farauta ba hawan katanga, ana tura mata ɗumamen tuwo, ragowar shinkafa, burodi da madara, ko busasshen abincin kanti mai kama da biskit wanda hatsi ya yi yawa a cikinsa. Sitaci ba ya zaƙi a baki, amma idan ya narke a ciki suga yake zama. Teɓa ta taru, jiki ya daina jin insulin, fankiriyas ya yi ta fama har ya gaji. Irin ciwon da ke kama manyan mutane ke nan, wanda likitoci ke kira nau'i na 2. Ya fi kama muzurun da aka fiɗiye, mai ƙiba, wanda ya fara manyanta, kuma wasu allurai na ƙaiƙayi da kumburi, dangin sitiroyid, suna iya tayar da shi.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Kwanon ruwan da ke kwana biyu sai ya ƙare a wuni. Ƙasar da take fitsari a ciki kullum jiƙe sharkaf, wani lokaci tururuwa na bin wurin. Tana ci kamar ba gobe, amma idan ka shafa bayanta ƙashi kake ji. In abin ya daɗe, sai ka ga ƙafafun baya sun saki, tana taka ƙasa da dunduniya maimakon yatsu.

Shawarar rage abinci ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin tana iya kisa. Kyanwa mai ƙiba idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta yakan kwarara zuwa hanta ya cushe ta, hantar ta kasa aiki. Idanu da dasashi su yi ɗorawa, daga nan ceto sai an sha wuya. Mu da muka san hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, bai kamata yunwa ta zama maganin da za mu fara kawowa ba. Abin da ake so shi ne a canza irin abincin. Likitocin dabbobi suna neman abinci mai yawan furotin, wanda sitacinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 na ƙarfin da yake bayarwa ba, kuma jiƙaƙƙe na gwangwani ya fi busasshe. Wanda zai dafa a gida ya nemi likita ya tsara masa, don tsokar nama zalla ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi. Ragowar miya kuwa a bar ta kwata-kwata, albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kyanwa. Ƙibar ma a hankali ake sauke ta, kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako.

Abinci kaɗai kuma ba kasafai yake isa ba. Yawancinsu sai da allurar insulin sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12. A nan akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani: nau'o'in insulin na Caninsulin da ProZinc suna da awo 40 a kowace mililita, Lantus kuwa 100. Wanda ya ɗebi Lantus da sirinjin mai 40 ya ninka maganin sau biyu da rabi bai sani ba. Kuma insulin ba ya son zafi, don haka a watan Afrilu na Kano ko Sakkwato, ga wuta ba tabbas, ajiyarsa ma aiki ne. Akwai magungunan sha da Amurka ta amince da su, Bexacat a ƙarshen 2022 da Senvelgo a 2023, amma ba a ba kyanwar da ta riga ta fara allura.

Sai batun awo, inda masu wancan ra'ayi ke cewa ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan hatsi na yarda. A kan jinin kyanwa ido ba ya ganin komai sai abu ya ɓaci. Sugan lafiyayyiyar kyanwa yana tsakanin 80 da 120 a ma'aunin mg/dL, kuma ba ya fitowa a fitsari sai ya haura wajen 250 zuwa 290. Wato tsinken gwajin fitsari zai iya nuna maka cewa suga ya hau, amma ba zai taɓa gaya maka ya faɗi ƙasa da kima ba, alhali faɗuwar ce ke kashewa cikin sa'o'i. Awon asibiti shi ma yana da tasa matsalar. Kyanwa dabba ce mai firgita, sa ta a kwando, jijjigar Keke Napep da warin karnuka sun isa su harba sugan lafiyayyiya sama. Shi ya sa likita kan haɗa da gwajin furuktosamin, mai nuna yadda sugan ya kasance a kusan makonni biyu da suka wuce, kuma shi ya sa awon gida ya fi faɗin gaskiya.

Yin sa bai kai yadda ake tsoro ba. Ka ɗora ta a cinya, ka murza kunnen har ya yi ɗumi, ka haska tocila ta bayansa, za ka ga siririyar jijiya tana bin gefen kunne. Ka tokare da auduga, ka ɗan tsira gefen, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ya wadatar. Ka danne wurin kaɗan, ka ba ta 'yar tsokar kaza. Yawancinsu riƙon da ake musu ya fi damunsu a kan tsirar. Na'urar awon suga ta AlphaTrak don dabbobi aka yi ta. Ta mutane ma tana aiki, sai dai takan nuna ƙasa da ainihin adadin, don haka a riƙe guda ɗaya, likita ya san wacce ce. Lokaci zuwa lokaci ana aunawa duk bayan awa biyu zuwa huɗu daga allurar safe zuwa ta dare, a rubuta a littafi, don a ga inda sugan ya fi sauka. Masu hali kan liƙa mata na'urar awon suga ta FreeStyle Libre, wadda ke aiki har kwana 14.

Awon ya fi zama dole a makon da aka canza abinci. Sitaci ya ragu, buƙatar insulin ta ragu, adadin da ya dace jiya ya zama guba yau. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 60, ko ka ga tana tangaɗi, tana rawar jiki, ko ta sandare, ka shafa mata zuma a dasashi, kada ka ɗura mata komai, ka nufi asibiti. Haka in ta ƙi abinci tana amai.

Na san akwai mai cewa mutane ma ba su samu insulin ba balle mage. Magana ce mai nauyi, ba kuma zan ce wa kowa ya hana iyalinsa don dabba ba. Amma rashin hali daban, musun cuta daban. Kuma kyanwa tana da wata sa'a: idan aka kama ciwon da wuri aka daidaita sugan, da dama daga cikinsu fankiriyas ɗinsu kan farfaɗo har a daina allura, ko da yake yana iya dawowa idan ƙiba ta dawo. Ba mai gane wannan lokacin ya zo sai mai aunawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka ga magenka tana yawan shan ruwa tana ramewa, kada ka janye mata kwano. Ka kai ta a auna jininta. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, kuma likitan dabbobi mafi kusa da kai ma zai iya yin awon farko.