Yadda Mutumin Runka Zai Sa Baki Cikin Dokar Jiha

Galibin mutanenmu na ƙauye sun ɗauka doka abu ce mai saukowa daga sama kamar ruwan damina, ba a tambayar inda ta fito, sai dai a nemi wurin fakewa. Da can kam ba su yi ƙarya ba. Sa'ad da aka buɗe majalisar Arewa a Kaduna cikin 1947, ba talakawa suka zaɓi wakilanta ba, kuma iyakarta ba Gwamna shawara. Matan Arewa ma ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979. Amma yanzu akwai ƙofa, ko da ya ke mutane kaɗan suka san ta. Bari mu ɗauki Runka ta ƙasar Safana misali, garin nan na bakin dajin Rugu, domin mutanensa da maƙwabtansu na Batsari sun fi kowa sanin nauyin abin da a ke yankewa a birnin Katsina.

An yanke Jihar Katsina daga Kaduna cikin 1987. Majalisar Dokokinta tana da wakilai 34, Safana da nata, Batsari da nata, kowanne shekara 4 ya ke yi kafin a sake zaɓe. Duk mai shekara 18 yana da ƙuri'a, kuma tun 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa a zaɓe shi. To, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne tafiyar doka bayan an watse daga rumfar zaɓe.

Shirin doka ya kan fito daga Gwamna ko daga wani wakili. A karanta sunansa a zaure, karatu na ɗaya ke nan. A na biyu sai wakilai su yi muhawara a kan manufarsa. In ya tsira, sai a miƙa shi ga kwamiti, watau 'yan majalisa kaɗan waɗanda za su bi shi layi layi. Nan ne fa wurin da mu ke so masu karatu su dakata. Shirin doka a hannun kwamiti kamar ɗanyen tubali ya ke, ana iya rage shi, ana iya ƙara masa. Kwamiti ya kan sa ranar jin ra'ayin jama'a, ya yi shela, kowa ya zo da bakinsa ko da takardarsa: manomi, makiyayi, mai sayar da hatsi, malamin makaranta. Da an yi karatu na uku tubali ya bushe. Sai a kai wa Gwamna, shi kuwa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na wakilai suka sake amincewa, ta zama doka ba da hannunsa ba.

Lalle a lura, tsarin mulkin 1999 bai tilasta wa majalisa yin wannan taro ba, ana iya tsallake shi in ana gaggawa. Mu a ganinmu wannan rauni ne babba, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Dubi al'amarin tsaro. Cikin 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umurni aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Safana da Batsari, saboda ɓarayin daji. Wannan umurni ne, bai bi karatu uku ba, talaka ba shi da wurin sa baki sai bayan ya ji a jika. Amma rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Radda ya kafa cikin 2023, da doka aka kafa ta. Irin wannan kuwa, wa ya fi mutumin Runka sanin hanyar da ɓarayi ke fitowa, da wanda ya cancanta a ba shi amana, da gonar da aka daina nomawa?

In an ce Katsina da nisa, ga kuɗin mota, ga tsoron hanya, gaskiya ne. Amma takarda ba ta jin tsoro. Mutanen unguwa suna iya taruwa su rubuta koke, su sa hannu ko su dangwala yatsa, su ba wakilinsu ya gabatar a zaure. Kada a ce sai da Turanci. Tsarin mulki ya yarda majalisar jiha ta yi aiki da harshen mutanenta in ta yanke shawarar haka, kuma wakilin Safana ba ya bukatar tafinta kafin ya karanta Hausa. A nan ne mu masu koyon malanta mu ke da aiki, tun da sau da yawa malamin makaranta shi ne marubucin gari. Koke mai kyau gajere ne: ga abin da ya same mu, ga ranar, ga wurin, ga layin dokar da mu ke so a gyara. A ajiye kwafe a gida, a rubuta ranar da aka miƙa.

Wakilin da ya toshe kunne kuwa akwai kiranye. Sai fiye da rabin masu rajista na mazaɓarsa su sa hannu a kai wa hukumar zaɓe, ita kuma ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya ƙwarai. An gwada ta a kan Sanata Dino Melaye a Jihar Kogi cikin 2018, ta tsaya tun wajen tantance sa hannu.