Me ke sa injin babur mai lagireto zafi?

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa maki 40 a ma'aunin Celsius a jihar Kano, injunan babura masu lagireto kan tafasa a hanya.

Lamarin ya fi shafar masu babura masu ƙafa uku da ke dakon amfanin gona daga ƙauyukan Gezawa zuwa kasuwar Yankaba, domin idan inji ya buga, jarin mutum ne ya salwanta.

Matakin farko shi ne a kashe injin, a bari ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafinsa na iya sa ruwa ya ƙona mutum.

Daga nan sai a duba ko ruwan ya ragu, ko tiyo na yoyo, ko kuma ƙura da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireton. Idan fanka ba ta juyawa, a fara da fis da wayoyinta.

Shi ma murfin yana da muhimmanci. Ruwa na tafasa a maki 100, amma matsin da murfi mai kyau ke riƙewa na ɗaga hakan zuwa kusan 120.

Ruwan rijiya kuwa yakan bar tsatsa da dattin da ke toshe hanyoyin ruwa a ciki.

Sai dai idan baƙin mai ya koma kamar madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa, alama ce gasket ya ƙone, kuma dole bakanike ya kwance kan injin.