Wuƙar Kube: Wacce Ɗan Kasuwa Zai Saya, Kuma Don Wane Aiki?

Maganarmu ta yau a kan wuƙa ce, watau wuƙar kube wadda ba ta naɗewa, irin wadda mutum kan soke a ƙugu ko ya jefa cikin jakar tafiya. Abin da ya sa muka ɗauko ta kuwa, tambaya ta yi yawa daga mutanenmu na ƙasar Tofa, masu kai hatsi Dawanau da masu cin kasuwar Janguza da ta Rimin Gado: wace iri ce mai sauƙin kuɗi wadda ba za ta ba da kunya ba? Waɗansu kuma sai su sassauta murya su ce, wadda kuma za ta yi maganin ɓata-gari in dare ya yi wa mutum a hanya. Tambaya biyu ke nan, amsarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Bari mu fara da ta farin.

A ƙasa irin ta Tofa, inda gona ke manne da gona, kowane gida da tumakinsa da awakinsa a turke, wuƙa ba kayan ado ba ce. Da ita ake yanke igiya, a farke bakin buhu, a fere rogo da rake, a gyara kara don danni, a yanka kaza in baƙo ya sauka. In dabba ta shaƙe da igiyarta cikin mota ana hanyar kasuwa, mai wuƙa a kusa shi ke tsirar da dukiyarsa. Saboda haka wanda zai saya ya fara tambayar kansa aikin da zai sa ta. Wuƙar fiɗa ta mahauta dabam, barho dabam, wuƙar damtse irin ta Buzaye dabam. Ɗan kasuwa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Abin da zai ishe shi ƙarama ce mai kaifi ɓangare ɗaya, tsawon ƙarfenta inci 4 zuwa 5, watau ta ɗara faɗin tafin hannu kaɗan. In ta wuce haka nauyi ne kawai, sa'an nan ga jawo ido.

To, ta maƙeri ko ta kanti?

Ƙira a ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce. Masu binciken tarihi sun sami alamar narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, birnin ke cin kasuwar kayan sana'a. Da can maƙeran baƙi da tama suke aiki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai tsohon ƙarfen Turai ya yi araha, narka tama ta mutu. Yau maƙerin ƙauye daga 'yan gwangwan yake samun ƙarfensa, irin na Ƙofar Ruwa. A nan ne fa maganar take, domin ba kowane ƙarfe ne ke yin wuƙa ba.

Wanda ya fi shi ne fallen sifirin mota, sai tsohon magagari. Dalili kuwa, akwai sinadarin gawayi a jikinsu daidai gwargwado, a sifirin wajen kashi 0.6 cikin 100, a magagari ma ya fi haka, kuma wannan sinadari shi ke sa ƙarfe ya karɓi tauri. Maƙeri zai zuga shi cikin gawayin ƙirya har ya yi jawur, zafinsa wajen digiri 800, sa'an nan ya tsoma shi a ruwa ko mai. In ya tsaya nan, wuƙar ta yi tauri amma tana iya karyewa kamar kwalba. Gwani sai ya sake nuna mata wuta kaɗan, har bakinta ya yi launin busasshen kara, kana ya bar ta. Wannan koma-wuta na biyu shi ne bambancin gwani da ɗan koyo, kuma ido ba ya ganinsa a kan tabarmar mai sayarwa.

Amma rodin gini da fallen durom da gwangwanin jikin mota, ko an kwana ana tsoma su a ruwa ba su yin taurin kirki. Wuƙarsu takan fito da kyau, a goge ta tana walƙiya, a sa mata kube mai tunta, ka yanka igiya uku ta dakushe. Irin wannan ce ke cika kasuwa gab da Babbar Salla. Araha dai ba ta ado.

Ga yadda za ka gane. Ka tafi da ɗan magagari a aljihu, ko ka ara a rumfar. Goga shi a bakin wuƙar kusa da ƙota. In ya zame yana ƙara ƙyar-ƙyar bai ci ba sai kaɗan, ƙarfen ya sha wuta yadda ya kamata. In kuwa ya kama yana zubar da gari kamar ana kankare sabulu, ajiye ta, ko nawa aka ce. Sa'an nan ka riƙe ta da yatsa biyu ka ƙwanƙwasa da wani ƙarfe: mai lafiya tana amsawa da zaƙin murya, mai tsaga a ɓoye muryarta a dushe take. Ɗaga ta saitin ido ka bi bayanta da kallo tun daga ƙota har tsini, ka ga ko ta karkace. Daga ƙarshe ka gwada ta a kan igiya ko takardar siminti. Mai kayan kirki ba ya hana gwaji. Wanda ya ce kada ka taɓa sai ka biya, ya riga ya ba ka amsa.

Ta kanti kuma, watau ta ƙasashen waje, yawancinta farin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa. Wani Bature mai suna Harry Brearley ya fito da irin wannan ƙarfe a Shafil ta Ingila a 1913, sirrinsa kuwa sinadarin kuromiyam ne da ake zubawa fiye da kashi 10 cikin 100. Amfaninsa a fili yake ga mai sayar da mangwaro ko lemo ko tumatir, domin ruwan 'ya'yan itace yana baƙanta wuƙar maƙeri nan da nan. Akwai masu suna irin su Tramontina ta Barazil da Kiwi ta Tailan, kuma na ainihi ba su da laifi, sai dai Kiwi falle ce sirit, ta aikin girki, ba ta jure banƙara. Abin lura, suna ba ya yanka. Jabu ta yi yawa, tambari kuwa kowa na iya bugawa. Waɗanda muka fi ƙi su ne masu kama da na sojan sinima, masu haƙora a baya da ƙotar roba mai rami a ciki. Ƙarfensu bai shiga ƙotar ba sai ɗan guntu da aka ɗaure da noti, ranar da ka danna da ƙarfi ranar za su rabu biyu, kuma a hannunka za su rabu. Okapi da dattawa suka sani, wadda aka fara yi a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ita mai naɗewa ce, ba ta cikin lissafinmu na yau.

Mu dai a ganinmu, in ɗan kasuwa ya sami maƙerin da ya sani, ya ba shi aiki da hannunsa, ya fi. Ko ba komai ka san inda za ka koma in ta ba da matsala.

Maganar ƙota ba ƙarama ba ce, ko da yake masu saye ba su cika duba ta ba. Wutsiyar ƙarfen ta ratsa icen har ta ɓullo ƙarshe a tanƙwashe ta, ko kuwa a dafe ta da ƙusa biyu ko uku. A wuyan ƙotar a sami zobe na ƙarfe ko tagulla wanda zai hana icen tsagewa. Icen ya zama busasshe mai tauri, kamar marke ko ƙirya. Ɗanyen ice yakan yi daram a damina, hunturu na busawa sai ka ji wuƙa tana rawa a ciki. Kama ta da jiƙaƙƙen hannu ka ji ko tana santsi, kuma a sami ɗan tudu ko lanƙwasa da zai tare yatsa kada ya zarce kan kaifi.

Kube aikin dukawa ne, kuma sau da yawa kuɗinsa dabam ne, sai ka tambaya tun kafin a yi ciniki. Jar fatar akuya ta fi kyan gani, amma mai kauri ta sa ta fi tsaro. Juya kuben baki ƙasa ka girgiza: in wuƙar ta faɗo, bai yi ba. Duba ɗinkin, kada kaifi ya zama yana gogar zaren. Fata kuma tana riƙe danshi, ga bagaruwar jima da ke baƙanta ƙarfe, don haka da damina a riƙa zare wuƙar ana shanya kuben. A shafa mata man gyaɗa ko kitse. Ban da baƙin mai, tun da za ta taɓa abinci. Wajen wasawa dutse da ruwa sun isa. Masu injin wasa wuƙa suna da sauri, amma in ka ga bakin wuƙarka ya koma shuɗi a kan injin, to zafi ya kashe taurin wurin, sai an cinye shi kafin ta sake riƙe kaifi.

Lokacin saye kuwa, duk ɗan kasuwa ya san ƙa'ida. Kwanakin layya kowa na neman wuƙa, farashi ya hau. Gab da shuka maƙera na fama da fartanya da garma, ba su da lokacinka. Tsakiyar rani ce dama. Mai son sari ya ba da aiki a lokacin, ya ware biyu ko uku daga kowace dozin ya gwada da magagari kafin ya cika kuɗi.

Yanzu sai tambaya ta biyu, ta kare kai. A nan za mu faɗi abin da ba kowa ne zai so ji ba.

Tsoron ba na banza ba ne. Ƙwacen waya da wuƙa ya addabi Kano, har a 2023 gwamnatin jiha ta ce za ta ɗauke shi a matsayin fashi da makami, laifin da dokar 1984 ta tanadar wa hukuncin kisa. Dillalin da ya tashi daga Dawanau bayan magariba da kuɗin mutane a jikinsa yana da dalilin waiwaye. Amma a yi lissafi irin na kasuwa. Masu tare hanya ba su zuwa ɗaya-ɗaya, kuma su suka zaɓi wuri da lokaci. Kafin ka ɗaga riga ka lalubo kube sun riga sun iso jikinka. Wanda da waya kawai zai rasa, da ya zare wuƙa sai maganar ta koma ta rai. Faɗan wuƙa kuma ko wanda ya yi nasara da wuya ya tashi ba rauni.

Sa'an nan ga shari'a. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, daga sashe na 59 zuwa na 67, haka ma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999. Amma da sharaɗi: kada ka yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata, kuma in akwai halin neman hukuma a neme ta. Alƙali zai tambaya, da ka sami hanyar gudu, don me ba ka gudu ba? Ba tatsuniya muke ba. Wani manomi a jihar Adamawa ya ce an kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta ya soki maharin ya mutu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar tserewa. Sai a watan Disamba na 2025 gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan ya shafe wajen shekara 10 a tsare. Wannan fa wuƙar ma ba tasa ba ce. To ina ga wanda ya fito da tasa daga gida, ya kuma gaya wa abokai don faɗa ya saye ta?

Har wa yau, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami, kuma 'yan sandan Kano sukan yi gargaɗi a kan haka duk lokacin hawan Salla da na siyasa. Wuƙar da ba wanda zai tanka maka a kanta a gonarka ta Lambu ko Doka, ita ce za ta kwanar da kai a caji ofis in an same ta a ƙugunka cikin Keke Napep a birni da dare. In za ka shiga gari, sa ta cikin jakar kayan aiki tare da igiya da allurar buhu, inda kowa zai ga abin da take yi. Ranar taro kuwa a bar ta gida.

Abin da ke tsare ɗan kasuwa a hanya ba a maƙera ake sayensa ba. Kuɗi masu yawa a tura ta waya ko a zuba wa mai POS tun rana na sama, a tashi kasuwa da wuri, a tafi cikin ayari, a riƙe tocila mai haske, kada kuma a ƙirga kuɗi a bainar jama'a. Mai tafiya a ƙasa tsakanin ƙauyuka, sandar gora ta fi masa wuƙa: tana da tsawo, tana korar kare da maciji, kuma ba mai tambayarsa dalilinta.

Ku kuma masu sayar da wuƙaƙe, ku dubi mai saye. Mahauci kun san shi, manomi kun san shi, uwar gida kun san abin da take nema. Yaron da ya zo yana tambayar mai kaifi biyu da dogon tsini, bai ko damu da ta yanka igiya ba, ribar da ke cikin cinikinsa ba ta kai wahalar da za ta biyo baya ba in 'yan sanda suka tambaye shi inda ya saya. Ku ce masa ta ƙare.