Tsatsar Da Ciwon Sukari Ke Yi Wa Zuciya

A shekarar 1972 wata likita a birnin New York, mai suna Shirley Rubler, ta duba zukatan waɗansu mutane huɗu masu ciwon sukari bayan sun rasu. Ta tarar manyan jijiyoyin zuciyar ba su toshe ba, amma tsokar kanta ta kumbura, ta yi tauri. Tun daga nan likitoci suka gane cewa sukari yana iya cin zuciya kai tsaye.

To, yaya wannan ke faruwa? Zuciya ba ta hutu, dare da rana tana ƙona abinci da iskar oksijin. Wajen ƙonawar nan akan sami waɗansu ɓurɓushi masu lahani, waɗanda jiki lafiyayye kan share nan da nan. Idan sukari da kitse suka yi yawa cikin jini, ɓurɓushin kan fi ƙarfin masu sharar, sai su riƙa cin tsokar zuciya sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin fartanya da aka bari a damina.

Akwai kuma sinadarai masu kai saƙo cikin jini, wato homon. Insulin shi ke buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka, kuma shi ne ke ƙaranci ko ya kasa aiki a jikin mai wannan ciwo. Waɗanda jiki ke zubowa lokacin tsoro da ɓacin rai kuwa, ƙara sukarin suke yi. Ita mace tana da istirojin, wanda ke taimaka wa jijiyoyinta, amma yakan ragu bayan ɗaukewar haila, ciwon sukari kuma yakan rage amfaninsa. Binciken garin Firamingam na Amurka ya nuna a 1974 cewa haɗarin gazawar zuciya ga namiji mai sukari ya ninka sau biyu, ga mace kuwa sau biyar.

A nan ne motsa jiki ke da rana. Tsokar da ke aiki takan zuƙe sukari daga jini ko da insulin ya yi ƙaranci. Sa'an nan ɗan ɓurɓushin da motsi ke haifarwa yakan sa jiki ya ƙara yawan masu shararsa, su zauna cikin shiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 aƙalla a kowane mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa, kwana biyar. Sai dai mai shan magani ko allurar insulin ya fara neman shawarar likita, domin sukari na iya faɗuwa. Ya sa takalmi mai kyau, ya riƙa duba ƙafafunsa bayan kowace tafiya. Motsi ba ya maye gurbin magani, abokin tafiyarsa ne.