Allurar Rage Ƙiba: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

A wajenmu idan mutum ya yi jiki akan ce ya samu hutu, idan amarya ta yi ƙiba a ce miji ya iya kiwo. Wasu mata har ƙwayoyin sha-ka-fashe suke sha don su cika. A Amurka da Turai kuwa mai ƙiba abin gori ne, ana kiransa malalaci ko mai haɗama. Duka biyun kuskure ne. Ƙiba mai yawa matsalar lafiya ce, tana jawo ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ita.

Maganin da ake ta muhawara a kansa shi ne semaglutide, na kamfanin Novo Nordisk da ke ƙasar Denmark. Amurka ta amince da shi a 2017 da sunan Ozempic domin masu ciwon sukari, sannan a 2021 da sunan Wegovy domin rage ƙiba. Allura ce da ake yi sau ɗaya a mako. Tana aiki kamar wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, sai mutum ya ƙoshi da wuri. A wani babban gwaji, waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a makonni 68.

Masu suka suna cewa wannan neman sauƙi ne, mutum ya kame bakinsa kawai. Likitoci da yawa sun ce ba haka ba ne, domin gado, irin abincin da ake samu da yadda jiki ke sarrafa yunwa duk suna da hannu. Ba ma zagin mai hawan jini don ya sha magani.

Amma allurar tana da nata matsalolin. Tana kawo tashin zuciya, amai ko gudawa, kuma ba a yi wa mai ciki. Waɗanda suka daina ta sun mayar da kusan kashi 2 cikin 3 na nauyin da suka rage cikin shekara ɗaya. Ga tsada. A 2024 ma Hukumar Lafiya ta yi gargaɗi a kan jabunta da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka.

Saboda haka 'yan'uwa, kada a sayi allura ko shayin rage tumbi a kasuwa ko ta waya, haka kuma maganin ƙara ƙiba. A je asibiti a gwada nauyi, jini da sukari. A rage lemon kwalba da soye-soye, a ƙara ganye da wake, a riƙa tafiya a ƙasa. Mai ƙiba kuma mu daina yi masa dariya, domin gori yakan hana mutum zuwa asibiti har ciwo ya ci ƙarfinsa.