Abin da ya kamata a shuka a bakin tabki

Ƴan uwa makiyaya da manoma na Agiye, Gazawa da Gidan Runji, kun ga yadda tabkunanmu na kwarin Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi suke ƙafewa tun rani bai yi nisa ba. Babban dalili shi ne rairayi: in bakin tabki ya zama fili fetal, ruwan damana sai ya kwaso ƙasa ya cike shi. Maganin abin shuka ce, amma fa ba kowace ba.

Daga tudu, inda ruwa yake gangarowa, ku dasa gamba layi-layi, a gicciye da gangare, santimita 50 tsakanin tushe da tushe. Tana tare ƙasa, ga ciyawa, ga zana.

A bakin ruwa ku sa jema. Saiwarta na nutsewa ƙwarai, tana riƙe gaɓa.

Cikin itatuwa, bagaruwa da giyayya su ne masu jure kwanciyar ruwa. Irin bagaruwa na da tauri: ku zuba masa ruwan zafi, ya kwana ciki, sannan a shuka a leda. Bayan wata 3 ko 4, in damana ta zauna, a dasa, mita 5 tsakani. A kewaye da ƙaya, in ba haka ba awaki ba za su bar ko ɗaya ba.

Waɗannan kuma a tuge su. Kacalla, in ta kama, tana rufe tabki duka, ta zama maɓoyar jan baki masu cin hatsi. Duman rafi dafi ne: bisar da ta ci da yawa, musamman da rani, sai makyarkyata da tangaɗi. Garmani kuwa yana kashe ciyawa. A cire shi kafin ya yi ƴaƴa.

Ku lura: katantanwar ruwa ita ke yaɗa tsutsar hanta, ƙwayoyin cutar kuwa suna manne da ciyawar ruwa. In kun yanka, ku shanya ta bushe sarai kafin a ba bisashe.

Kada shinge ya toshe burtali ko mashaya. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare haƙƙin bisashe na isa ga ruwa. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ku zauna da maigari, da ardo, da kwamitin filaye na garinku, a shata hanyar shan ruwa.

Mai neman ƙarin bayani ya zo ma'aikatar kiwo mafi kusa.