Mine ne ke riƙe da kamfanin jarida?

Buga jarida sana'a ce mai cin kuɗi. Ana sayen takarda da tawada. Ana biyan ma'aikata. Ana biyan motar da ke kai jarida gari-gari. To, daga ina kuɗin ke fitowa?

Daga wuri biyu ne. Na farko, kuɗin masu karatu, wato masu sayen jarida. Na biyu, kuɗin talla. Ɗan kasuwa yana biya don a buga sunan hajarsa, mutane su gani su saya.

Waɗannan biyu tare suke tafiya. Ɗan kasuwa ba ya kasa kaya inda babu jama'a. In masu karatu suka ragu, mai talla ma sai ya tashi.

Abin da ya faru a Amurka

Da intanet ta yaɗu, mutane suka koma karanta labari a salula da kwamfuta, ba su biyan komi. Masu talla suka bi su. Suka kai kuɗinsu wurin Google da Facebook.

A shekarar 2005, jaridun Amurka sun samu kusan dalar Amurka miliyar 49 daga talla. A 2022, abin bai kai miliyar 10 ba. A lura, dalar Amurka guda ta fi dala 100 ta kuɗin sefa. Daga 2005 zuwa 2024, jaridu fiye da 3,000 sun rufe a ƙasar. Yawancinsu ƙananan jaridu ne.

Jaridar da ta tsira

New York Times tsohuwar jarida ce. An kafa ta tun 1851. Ita ma ta sha wuya. A 2009, sai da kamfanin ya ci bashin dalar Amurka miliyan 250 wurin Carlos Slim, wani attajiri na ƙasar Meziko.

A 2011, shugabannin kamfanin suka sake dabara. Suka ce mai son karanta jaridar kullum a intanet sai ya biya. Mutane da yawa sun zaci masu karatu za su gudu. Amma ba su gudu ba. A 2012, kuɗin masu karatu ya zarce kuɗin talla. A 2024, masu biya sun fi mutum miliyan 11. Mafi yawansu ba su taɓa takarda, a salula ko kwamfuta suke karatu.

Don mi suka yarda su biya? Don kamfanin ya riƙe manema labarai da yawa. Suna zuwa inda abu ya faru, su bincika, sannan su rubuta. Mai karatu yana samun abin da ba ya samu a banza.

Darasin da ke ciki

Ba kowace jarida ke iya yin haka ba. New York Times tana da suna a duniya. Jaridar ƙaramin gari kuwa masu sayenta kaɗan ne. In ta mutu, babu mai faɗa wa mutanen garin yadda aka kashe kuɗin harajinsu.

Kamfanin jarida yana iya rayuwa, amma sai ya fara riƙe mai karatu. Mai talla baƙon kasuwa ne. Inda aka taru, can yake shimfiɗa tabarma.